KARATUN WAJE: AN KASHE JAMI'O'IN GIDA, AN MIƘA MATASA GA TURAWA

A watan Mayun 2024 ne aka ga ɗaliban Nijeriya riƙe da kwalaye a harabar Jami'ar Teesside da ke Ingila, suna roƙon a bar su su kammala karatunsu. Laifinsu shi ne sun kasa cika kuɗin makaranta a kan kari, sai aka dakatar da su, aka miƙa sunayensu ga hukumar shige da fice, aka ce su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar.

To, wa ya cinye musu kuɗin? A watan Yunin 2023 gwamnatin Tinubu ta saki Naira ta nemi wa kanta daraja a kasuwa, irin shawarar da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na IMF suka daɗe suna bayarwa. Dalar da ake saya wajen Naira 460 a hukumance, sai ga ta ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Ma'ana, uban da ya sayar da gonarsa don kuɗin karatun shekara guda ya wayi gari abin da ke hannunsa bai fi na wata huɗu ba.

Su kuwa Turawan, saniyar tatsa suka samu. A 2024, lokacin da ɗan ƙasa ke biyan Fam 9,250 a shekara a Ingila, sau da yawa baƙo ninkin haka yake biya. A Fabrairun 2024 aka mai da kuɗin asibitin ɗalibi Fam 776 a kowace shekara, kuma dole a biya kafin a ba da biza. Tun Janairun shekarar aka hana mafi yawan masu digiri na biyu tafiya da iyalansu, saboda haka magidanci ya bar matarsa a gida, ya je ya zauna shi kaɗai a ƙasar da fitina ke bin mutum har ɗakinsa, wal'iyazu billahi. Ga kuɗin haya, ga na ɗumama ɗaki, aikin da aka yarje masa kuma bai wuce awa 20 a mako ba.

Sai dai fa tushen cutar a gida yake. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki, 'ya'yan talakawa na zaman kashe wando, alhali mahukunta na baza hotunan bikin kammala karatun 'ya'yansu a London. Wanda ɗansa ba ya cikin aji, ina ruwansa da rufin ajin? Waɗanda suka nemi mai rahusa ma ba su tsira ba, don yaƙi ya koro su daga Yukiren a 2022, ya sake koro su daga Sudan a 2023.

Neman ilimi wajibi ne, babu mai musun wannan. Amma Musulunci bai ce a ci bashin riba ko a salwantar da gadon marayu don a samo takardar Bature ba. Matashin da ya samu tallafi cikakke, kuma ya san zai iya riƙe sallarsa da mutuncinsa, ya je ya karanto likitanci ko injiniyanci, ya dawo ya amfani al'umma. Wanda kuwa sai an sayar da gidan gado, ya zauna ya yi lissafi da iyayensa tukuna, ya kuma san cewa tsarin zaluncin da ya rufe masa aji shi ne abin tunkara, ba abin gudu ba.

Allah Ya kare matasan Musulmi, Ya saka wa waɗanda aka zalunta.