Zuwa ga maƙeran fari: kafin ku kai tsohuwar azurfa wuta

 

Roƙo ne ya kawo ni gabanku: idan tsohuwar azurfa ta shigo hannunku, ku dakata kafin a taɓa zuga-zugi. Dalilina wani abu ne da ya faru a Faransa.

Sarki Luwi na 14 ya cika fadarsa ta Versailles da kayan azurfa zalla: tebura, kujeru, tukwanen dasa itacen lemo, da dogayen mazaunan kyandir waɗanda wasunsu sun kai tsayin mutum. Claude Ballin na cikin maƙeran da suka yi aikin. A zamanin babu lantarki, don haka mazaunin kyandir abin aiki ne kafin ya zama ado. Ana jera su a wani zauren fadar mai madubai 357, wuta ta haska azurfa, azurfa ta miƙa wa madubi. Duk ganyen da maƙeri ya sassaƙa a jikin mazaunin, ya san inda haske zai sauka a kansa.

A watan Disamba na 1689 yaƙi ya kwashe baitulmali, sarki ya ba da umarni a narke kayan a buga kuɗi. Azurfa kimanin tan 20 ta shiga wuta. Kayan da suka ci wajen liba miliyan 10 a kuɗinsu na lokacin, abin da aka samu bai wuce miliyan 2 ba sosai. Mafi yawan abin da ya salwanta ladan hannu ne, wanda sikeli ba ya gani. Yau sai a zane, da darduman bango da aka saƙa hotonsu a ciki, da littafin ƙidayar kayan fada ake sanin kamanninsu. Da aka so nuna wa mutane yadda fadar take a 2007, sai da aka aro azurfa daga fadojin wasu ƙasashe, har da Denmark.

Aikin maƙeran Paris da ya tsira, da yawansa a wajen Faransa ya tsira. Bayan girgizar ƙasar 1755 ta hallaka dukiyar fadar Lisbon, Sarki José na 1 ya ba maƙerin Paris François-Thomas Germain aikin sababbin kayan tebur, da mazaunan kyandir a ciki, kuma suna Lisbon har yanzu. Wanda ya juya gindin irin wannan kaya zai ga ƙananan tambura: na maƙerin, na gari, da harafin shekara. Da su ake gane mai aikin bayan fiye da shekara 250.

Ba na cewa mazaunin kyandir na Versailles zai zo rumfarku. Amma tsohuwar munduwa tana zuwa, da kayan doki da kuben takobi daga gidajen sarauta, magada na neman a auna a biya su. Wasu ma da dalar Mariya Tereza mai shekarar 1780 kakanninku suka ƙera su. Ku faɗa wa mai kayan gaskiya idan aikin ya fi nauyin daraja, ko da cinikin zai kuɓuce muku. Idan ya nace sai an narke, ku auna, ku ɗauki hoto ta kowane gefe, ku rubuta daga gidan da ya fito.

Wanda kuma aka kawo gyara, a yi hattara da guga. Baƙin da ke kwanciya a kan azurfa ba tsatsa ba ne, farar wutar da ke cikin iska ce ke jawo shi, kuma kowace guga tana tafiya da ɗan jikin ƙarfen. Injin guga yana iya shafe tambari cikin minti ɗaya. A bar baƙin da ke cikin ramukan sassaƙa, shi ne ke fito da zanen. Kada a like karaya da dalma, domin ranar da wani ya sake kai wurin ga wuta mai ƙarfi za ta ci azurfar.

Sannan naku sabon aikin, ku sa an yanka muku ɗan tambari na ƙarfe mai alamar gidanku, ku riƙa buga shi da shekara a inda hannu ba ya yawan shafa.