Butar Mai Gashin Baki

Jama'a, ku masu cewa shagon Baba a Kantin Kwari bai shafi ɗan Edmonton ba, ku saurara. Kun san butar kofin nan mai kusurwa takwas, Moka? Alfonso Bialetti ne ya fito da ita a 1933 a arewacin Italiya, yana ɗan tallanta a kasuwannin kusa da gida. Ɗansa Renato ne ya baza ta duniya bayan yaƙi. Kai, zanen mai gashin bakin da ke jikinta ma shi ne! Amma a 1986 ya sayar da kamfanin. Da ya rasu a 2016, aka ƙone gawarsa, aka zuba tokar cikin ƙatuwar Moka. Ikon Allah! A 2025 kuma kamfanin wani attajirin Hong Kong ya saye yawancin hannun jarin.