A binciki kaya, a bar wa matafiyi mutuncinsa

Ranar Talata 19 ga watan Satumba na shekarar 1989, jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Injamena kan hanyarsa ta zuwa Paris, ya tarwatse a sararin samaniyar Tenere. Mutum 170 ke ciki, ba wanda ya tsira. Bincike ya nuna bom ne aka ɓoye cikin akwati. Ƙasar da irin wannan masifa ta faɗo bisa rairayinta ba ta bukatar a yi mata dogon bayani kan amfanin binciken matafiya da kayansu kafin su shiga jirgi.

Dokokin wannan bincike ba a Yamai aka ƙago su ba. Hukumar jiragen sama ta duniya, wato OACI, ta kafa tushensu tun 1974, kuma kowace doka da aka ƙara daga baya tana da mafarinta. An soma duba takalma bayan da wani ya ɓoye abin fashewa cikin nasa, a jirgin Paris zuwa Miyami cikin Disamba 2001. Hana shiga da abin ruwa da ya wuce mililita 100, wanda yawancin filaye ke bi, ya biyo bayan makircin da aka gano a Ingila cikin 2006.

Ma'aikacin da ke tsaye bakin na'ura ya san duk wannan. Wanda bai sani ba shi ne dattijon da ya taso daga ƙauyen Dakwaro ko Magariya, ya sayar da shanunsa domin ya sauke farali, kuma bai taɓa ganin cikin jirgi ba. Ana ce masa da faransanci ya cire abin da ke aljihunsa, bai ji ba, sai a ɗaga murya, kamar tsawa ce ke fassara magana. A ɗauke ƴar wuƙarsa ta gyaran farce, a jefa kwalbar zumarsa cikin kwandon shara, ba wanda ya ce masa da ya sa su cikin babban akwati da sun isa Jidda lafiya. Na'ura ta yi ƙara saboda ƙarfen da ke jikinsa, a sa shi kwance rawani gaban yara da mata. Mutumin Azbin kuwa, wanda ko gaban surukinsa ba ya buɗe baki, tuɓe masa rawani cikin taro ba ƙaramin abu ba ne.

Doka ta ce a bincika, ba ta ce a kunyata ba. Mace ta binciki mace, a bayan labule. Wanda za a kwance wa rawani ko lulluɓi a keɓe shi gefe. A kowane layi a sami ma'aikacin da ke jin Hausa da Zabarmanci, a lokacin aikin haji kuma a ƙara masu jin Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Wannan bai kai kuɗin na'ura guda ba. Filin jirgi na Diori Hamani ya sami sabon gini cikin 2019, gabanin taron ƙolin Tarayyar Afirka. Ladabi dai ba a sayo shi daga waje tare da kayan gini.

Akwai kuma wani abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya: talaka na tsaye cikin layi riƙe da takalmansa, sai a ga an ratsa da wani mai babbar riga ta gefe, ba a taɓa ko jakarsa ba. Jirgi ɗaya za su shiga. Jakar da ba a duba ba haɗari ce ga kowa, har da mai ita.

Matafiya ma suna da nasu alhaki. Kada a karɓi saƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ko da daga ɗan'uwa ne, kada kuma a zo a makare sannan a nemi tsallake layi. Ya kamata hukumar COHO da kamfanonin jigilar alhazai su sa wannan darasi cikin bitar da suke yi wa maniyyata, a kawo jakar hannu a buɗe gabansu, a nuna musu ɗaya bayan ɗaya abin da ke shiga da abin da ba ya shiga, tun suna garuruwansu.