Gwaninta Ba Ta Wanke Batsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan wata gardama ce wadda ta daɗe a ƙasashen Turai da Amurka, yanzu kuwa ta iso mu ta cikin wayar da ke aljihun kowa. Gardamar ita ce: shin batsa, ta hoto ko ta rubutu, tana iya zama fasaha? In kuwa ta zama, shin fasahar tana wanke ta? Kuma ina bambancinta da rubutun shauƙi da waƙoƙin bege, waɗanda malamanmu ba su hana ba? Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne. Ɗan kasuwan da ke sayar da littattafai, da mai shagon da ke tura wa mutane fina-finai a waya, da malamin makarantar da ke zaɓen littafin da yara za su karanta, da ma'aikacin da aka ɗora wa tace fina-finai, duk hukuncin ya shafe su, don kuwa ya shafi abincinsu da amanarsu.

Bari mu fara da yadda Turawa su ka yi da abin. Suna da kalmomi biyu, duka asalinsu harshen Girka. Ta farko, wadda mu ke fassarawa da batsa, tushenta yana nufin rubutu a kan karuwai. Ta biyu kuwa daga kalmarsu ta ƙauna da sha'awa ta fito, da ita su ke kiran abin da ya taɓo sha'awa amma su ke ganin yana da daraja ta adabi. Sanya iyaka tsakanin biyun shi ya gagare su. A shekarar 1959 Ingila ta yi dokar hana buga batsa, amma ta bar ƙofa: in an tabbatar littafi yana da amfani ga adabi ko ilmi, ba za a hukunta mai buga shi ba. A 1960 aka kai kamfanin Penguin kotu a Landan saboda littafin D. H. Lawrence mai suna Lady Chatterley's Lover. Kamfanin ya kawo shaidu 35, har da wani babban limamin coci, su ka ce littafin adabi ne, aka sallami kamfanin. A Amurka kuwa, a 1964, wani alƙalin Kotun Ƙoli, Potter Stewart, ya ce ba zai iya siffanta batsa ba, amma in ya gan ta yana gane ta. A 1973 kotun nan ta kafa sharuɗɗa uku a shari'ar Miller, na ukunsu shi ne, ba a kiran abu batsar da doka ta hana sai in, an duba shi gaba ɗaya, ba shi da wata daraja ta adabi ko fasaha ko siyasa ko kimiyya.

To, ka ga dalilin da ya sa tambayar nan ta yi musu nauyi. A dokarsu fasaha takardar kuɓuta ce. Wanda ya iya nuna cewa abinsa fasaha ne ya tsira, don haka kowane mai tallar alfasha sai ya nemi rigar fasaha ya yafa. Mu kuwa ba haka tsarinmu ya ke ba, kuma malamanmu sun riga su duba wannan mas'ala da ƙarnoni.

Duk wanda ya zauna a zaure ya yi nisa a karatun lugga ya san littafin Shu'ara, watau waƙoƙin mawaƙa shida na Jahiliyya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambata cewa ya karanta su wurin wansa Shehu Usmanu, tare da Ishiriniya da Witiriyya. Na farkon mawaƙan nan shi ne Imru'ul Ƙaisi, kuma a cikin shahararriyar waƙarsa akwai baitocin da ya ke alfahari da fasiƙancinsa a fili. Me malamai su ka ce? Ƙudama ɗan Ja'afar, masanin waƙa na ƙarni na 4 na Hijira, ya ce munin ma'ana ba ya kore kyawun saƙar waƙa, kamar yadda munin katako ba ya zama aibi ga sassaƙar kafinta. Alƙali Baƙillani kuwa, Bamalike, wanda ya rasu a shekara ta 403 ta Hijira, ya bi waƙar baiti baiti a littafinsa na gagarar Alƙur'ani, ya fito da alfasharta, ya zarge ta. In ka lura, maganganun nan biyu ba su ci karo ba. Ɗaya yana auna gwanintar hannu, ɗaya yana auna abin da hannun ya aikata. Malamai sun karantar da waƙar don luggar Larabci da ke cikinta, wadda a ke bukata wajen fahimtar Alƙur'ani, ba su taɓa cewa fasiƙancin da ke ciki ya zama halal don baitin ya yi daɗi ba.

Amsar tambaya ta farko ke nan. I, ana iya samun gwaninta cikin batsa, kamar yadda a ke samun ɓarawo gwanin haura katanga, da mai algus gwanin haɗa kaya. Ba mu da bukatar mu yi musun wannan. Abin da mu ke musu shi ne a ce gwanintar ta canza hukunci. Guba ko a ƙwaryar zinariya aka zuba ta, guba ce, kyawun ƙwaryar ma ƙara yawan masu sha ya ke yi.

Amma fa akwai kuskure na biyu, wanda masu kishin addini su kan faɗa ciki, watau su ɗauka duk inda aka ambaci so ko kyawun mace ko abin da ke tsakanin miji da mata, to, batsa ce, a ƙone. Wannan ba fahimtar magabata ba ce. Ka'abu ɗan Zuhairu ya zo wurin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yana neman afuwa bayan an ci Makka, ya rera waƙarsa ta Banat Su'adu, wadda ta buɗe da begen mace da siffanta kyawunta, aka karɓi tubarsa, kuma labari ya shahara cewa an yafa masa mayafi. Burdar Busiri da a ke karantawa a garuruwanmu ita ma da zancen bege da hawaye ta fara. Ibnu Hazmin, babban malamin Andalus wanda ya rasu a 456 ta Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan so da alamominsa, Ɗauƙul Hamama, ya rufe shi da babi a kan munin saɓo da falalar kamewa. Suratu Yusufa ta ba da labarin macen da ta kulle ƙofofi ta nemi saurayi, kuma yaro da tsoho suna karanta ta a masallaci ba wanda ya ke sunkuyar da kai. Littattafan fiƙihu kuwa, daga Ahalari zuwa Risala zuwa Muhtasar, suna bayanin janaba da haila da wanka ba ɓoye-ɓoye. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yaba wa matan Ansar don kunya ba ta hana su neman sanin addini ba.

Ashe ke nan ba ambaton abu ne ke sa ya zama batsa ba. To, mene ne? Ga ma'auni huɗu da za a iya tsamowa daga nassi da maganar malamai.

Na farko, manufa. Ka cire wurin da ya taɓo sha'awa, ka ga abin da ya rage. In ka cire baitocin bege daga waƙar Ka'abu, akwai sauran neman afuwa da yabon Annabi da sahabbai. In ka cire tsiraici daga fim ɗin batsa, ba abin da ya saura, don labarin da ke ciki ɗan uzuri ne kawai. Abin da ba shi da aiki sai tayar da sha'awa zuwa ga haram, ya shiga cikin hanin aya ta 32 ta Suratul Isra'i, wadda ba zina kaɗai ta hana ba, har da kusantarta. A kan irin wannan Malikawa su ka gina ƙa'idar toshe kafar ɓarna.

Na biyu, sakaya da fallasa. Dubi aya ta 187 ta Suratul Baƙara, yadda ta kamanta miji da mata da tufa ga juna, ta faɗi duk abin da a ke son faɗi ba tare da ta yaye wa kowa sutura ba. Wannan ita ce tarbiyyar Alƙur'ani ga harshe. Buhari ya ruwaito hanin mace ta siffanta wata mace ga mijinta har ya zama kamar yana ganinta. Muslim kuwa ya ruwaito cewa cikin mafi sharrin mutane ranar Alƙiyama akwai mutumin da zai kaɗaita da matarsa sa'an nan ya watsa asirinta. In an hana wannan a kan halal, ina ga wanda ya zauna ya rubuta shi dalla-dalla ya raba wa dubban mutane?

Na uku, mutumin da abin ya shafa. Imamu Gazzali, a babin sauraro na Ihya, ya ce siffanta kyawun fuska da gashi a waƙa ba haram ba ne a kan kansa, amma kada mai sauraro ya ɗora shi a kan wata mace sananna wadda ba ta halatta gare shi ba. A nan ne na'urar ɗaukar hoto ta bambanta da alƙalami bambanci mai girma. Mawaƙi yana iya begen wadda ba ta taɓa rayuwa ba. Hoton batsa kuwa ba ya samuwa sai an tuɓe 'yar wani, fim ɗin batsa ba ya samuwa sai an aikata zina a zahiri an biya kuɗi. Duk mai kallo da mai saye ya sa hannu cikin kuɗin nan. Ko a Amurka, a 1978, marubuciya Gloria Steinem, wadda ba da addini ta ke hujja ba, ta rubuta cewa alamar batsa ita ce danniya da mayar da mace kayan sayarwa.

Na huɗu, wa a ke kai wa. Bayanin da ya dace tsakanin likita da majinyaci, ko malami da baligin da ya zo tambaya, ko uwa da 'yarta da za a kai ɗakin miji, bai dace a zuba shi a wayar yarinya 'yar sakandare ba. Aya ta 19 ta Suratun Nur ta yi alkawarin azaba ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai.

Da waɗannan ma'aunai sai mu ga cewa rabon da Turawa su ka yi bai hau kan namu daidai ba. Da yawan abin da su ka ɗaga su ka kira adabin sha'awa, hoton tsiraici ne da aka gyara wa haske, kuma umarnin runtse ido da ke aya ta 30 da ta 31 ta Suratun Nur bai keɓe tsiraicin da gwani ya ɗauka ba. A ɗaya gefen kuma, littafin soyayya na Hausa da ke ba da labarin so da kishi da auren dole cikin ladabi, ba shi da laifi don kawai an ce so a ciki, yana ma iya gyara abin da wa'azi bai kai gare shi ba.

Saboda haka ga nasiha. Ma'aikacin da aka ba amanar tacewa, kamar na hukumar tace fina-finai da ɗab'i da aka kafa a Kano a 2001, ya karanta littafi daga farko har ƙarshe kafin ya yanke, kada ya hukunta shi da bangonsa, kada kuma sunan marubuci ko kyawun Hausarsa ya ruɗe shi. Zaluntar marubuci mai tsabta laifi ne, sakin mai ɓarna ma laifi ne. Ɗan kasuwa kuma ya sani abin da aka haramta amfani da shi an haramta kuɗinsa, kuma cewa «mutane ne ke nema» ba hujja ba ce, don mai sayar da giya ma haka ya ke faɗi. Marubutanmu, musamman masu watsa labaransu ta waya inda ba mai tacewa, su tuna sakaya ta fi fallasa wuya, kuma a nan a ke gane gwani. Magidanci kuwa ya fara da tasa wayar kafin ya binciki ta 'ya'yansa.

Allah Ya tsare idanunmu da harsunanmu da dukiyarmu daga haram, Ya shirya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.