Kashe na'ura ma sai da jadawali

Ranar 14 ga Satumba, 2004, rediyon masu kula da zirga-zirgar jiragen sama a cibiyar Palmdale da ke jihar Kalifoniya a Amurka ya yi tsit. Jirage wajen 400 suna sama, babu halin magana da matuƙansu, har sama da awa uku. Bincike ya nuna akwai wani agogo a cikin kwamfutar da ke sarrafa rediyon, wanda ƙirgarsa ke ƙarewa kafin kwana 50, daga nan sai ta kashe kanta. Hukuma ta san da haka, shi ya sa ta ce a riƙa kashewa ana kunnawa duk kwana 30. A wannan karon ba a yi ba, na'urar ko-ta-kwana kuma da aka juya kanta ita ma ta ƙi.

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta gargaɗi masu Boeing 787 kada su bar wutar jirgin a kunne kwana 248 a jere, saboda irin wannan ƙirga.

Rauta da sauran na'urorin da ke raba intanet a banki, asibiti ko makaranta haka suke. Idan suka daɗe a kunne, ma'ajiyarsu kan cunkushe, sabuwar manhajar da aka ɗora kuma galibi ba ta kama aiki sai an sake kunnawa. To, kashewar dole ce. Abin tambaya, wa ya zaɓi lokacin?

A yawancin ofisoshinmu NEPA ce ke zaɓa. Ana ɗauke wuta, komai ya mutu, a tada janareto, komai ya tashi a lokaci guda. Har wasu na cewa ai wannan ya wadatar. Bai wadatar ba. Yankewar wuta ba zato takan lalata abin da na'ura ke cikin rubutawa, kuma duk gyaran da ma'aikaci ya yi bai adana ba ya tafi ke nan.

Masu jadawalin ma sau da yawa kwafo shi suke yi ba tunani. An ce tsakar dare, shi ke nan. Amma tsakar daren azumi ba irin na sauran watanni ba ne: mai POS a bakin titi yana nan da kati a hannu, mai shayi na jiran alat, kasuwa na ci har sahur. Daren da albashi ya shiga ma haka. Wanda ya san garinsa ba zai taɓa na'ura a irin waɗannan darare ba, kuma zai sanar tun da kwanaki, ba bayan jama'a sun gaji da faɗin "babu netwok" ba.

Sannan a bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, a ga ta farko ta dawo kafin a taɓa ta biyu, kuma a samu mutum a wurin. A Nuwamba 2023, na'urorin kamfanin Optus na Ostareliya suka yanke kansu, mutum kusan miliyan 10 suka rasa sabis, wasu na'urorin sai da ma'aikata suka je da ƙafarsu suka tada su. Wanda ke kashe rauta daga gida ta intanet ɗin da rautar ke ba shi, idan ta ƙi tashi, sai ya nemi mai riƙe da makullin ofis da ƙarfe biyun dare.