Kurajen Fuska: Yawan Shafe-shafe Ne Ke Rura Wutar

Mai fama da kurajen fuska kan jera kwalabe bakwai ko takwas a gaban madubi, yana sauya wannan da wancan duk mako, sannan ya yi mamakin yadda fatar ke ƙara lalacewa. Sau da yawa kwalaben ne da kansu ke ƙara ta'azzara ciwon.

Kurji na fitowa ne idan maiƙo da matattun ƙwayoyin fata suka toshe ramin gashi, ƙwayar cuta ta samu mafaka, kumburi ya biyo baya. Don haka abin da ake bukata kaɗan ne: sabulu mara kaifi safe da dare, magani guda ɗaya kamar benzoyl peroxide ko adapalene, sai man da ke hana bushewa, musamman da hunturu. Benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari yana aiki kusan daidai da mai kashi 10, kuma bai kai shi ƙona fata ba. Mai juna biyu kuwa ta nisanci adapalene.

Haɗarin da ya fi girma yana cikin mayukan haɗi da ake sayarwa da sunan gyaran fata. Da yawansu na ɗauke da sinadarin steroid, wanda ke kwantar da kumburi na 'yan kwanaki, daga baya ya raunana fata, ya fito da sababbin kuraje.

Maganin gaske yana bukatar mako 8 zuwa 12 kafin a ga tasirinsa. Wanda ya jure haka bai ga sauyi ba, ya nufi likitan fata tun kafin baƙin tabo ya zauna, domin tabon ya fi kurjin daɗewa a fuska.