YAWON DUNIYA: Ɗan Bacirawa ya je neman tantabarun Dilwale a Landan

Duk wanda ya taso yana leƙen gidan kallo, to ya san Landan tun kafin ya san hanyar Abuja. Finafinan Indiya ne suka kai shi, ba biza ba fasfo. Wa zai manta da farkon fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, inda Amrish Puri, wato Mogambo, ke watsa wa tantabaru hatsi a tsakiyar birnin?

A wannan watan filin naku ya bi sawun wani matashi ɗan Bacirawa da Allah ya ci da shi, ya samu gurbin karatu a wani gari a Ingila. Tun da ya sauka 'yan majalisarsu suka hana wayarsa sakat. Saƙon nasu biyu ne: ya ɗauko hoto da tantabarun Dilwale, ya kuma ɗauko wani da Sharu Khan. Amma akwai saƙo na uku mai nauyi. Babban amininsa ya matsa wa 'yan'uwansa a sayar da gonarsu ta gado, tunda gari na ta cin gonakin yankin ana yanka fulotai, don ya karɓi kasonsa ya nufo Turai. Cewa ya yi, "Mutumina, ka je ka gano min Landan, abin da ka faɗa shi zan bi."

Ranar wata Asabar gogan naku ya yi sammako, bas ta sauke shi a tashar Victoria. Daga nan a ƙafa ya taka zuwa fadar Buckingham. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne babu zagi, babu algaita, babu mai faɗuwa gaisuwa. Sojoji ne tsaye ƙiƙam da dogayen baƙaƙen huluna, sai ɗaruruwan baƙi manne da ƙarfen shinge kowa na ɗaga waya. Ya ratsa lambu ya ɓulla majalisar dokoki, inda agogon nan na Big Ben yake. A nan ya ji cewa Big Ben sunan ƙararrawar ne, ita hasumiyar tun 2012 ake kiranta da sunan Sarauniya Elizabeth. A tsallaken kogin Thames ga lilon London Eye mai tsawon mita 135, wanda aka buɗe a 2000. Ya leƙa kuɗin hawa, ya buga lissafi da naira, sai ya ce daga ƙasa ma ana ganinsa sarai.

Ya miƙe titi har dandalin Trafalgar, aljihunsa da guntun burodi. Tofa! Dandali dai ga shi, ga zakunan tagulla huɗu, ga dogon ginshiƙin Nelson, amma tantabarun ba su taka kara sun karya ba. Ashe tun 2003 hukumar birnin ta hana ciyar da su a wajen saboda ƙazanta, wanda ya saɓa kuwa tara ce. Haka ya mai da burodinsa aljihu, ya tsaya gefen zaki aka ɗauke shi. Da ya waiga sai ya hango tuta kore-fari-kore a titin Northumberland, wato ofishin jakadancin Nijeriya. Sai da gabansa ya faɗi don daɗi.

Yunwa ta fara magana. Ya shiga wani shago da aka ce an ƙware a kifi da soyayyen dankali, abincin da Turawan Ingila ke taƙama da shi. Allah ya taimake shi ya yi tambaya, mai shagon ya ce ƙullun da suke tsoma kifin a ciki da giya ake kwaɓa shi. Ba kowane shago ke yin haka ba, amma wannan darasi ne: a Landan matambayi ne ke tsira da addininsa. Ya fita ya sayi shayi a kofin takarda, ya haɗa da burodin tantabaru. Kuɗin shayin nan kaɗai, in a teburin mai shayin Bacirawa ne, da ya ishi majalisa guda har da ƙwai.

Daga nan ya bi titin Strand ya tsaya gaban Bush House, gidan da muryoyin Sashen Hausa na BBC suka daɗe suna fitowa. An buɗe sashen a 1957, a 2012 kuma BBC ta tashi daga ginin, yanzu ɗaliban jami'a ke karatu a ciki. Ya tuna mahaifinsa da rediyo rataye a reshen bishiya lokacin noman farko. Hoton da ya ɗauka a nan na Baba ne.

Gidan tarihi na British Museum kuwa kyauta ake shiga, wannan ya yi wa aljihu daɗi. A sashen Afirka ya tarar da kayan tagullar masarautar Benin da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897, jere a bango ana ta kallo. Bai ce komai ba, ya dai daɗe a tsaye.

Saura Sharu Khan. Ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara tun 1863, ya fito a Baker Street inda gidan Madame Tussauds yake. A nan ake ƙera siffofin shahararru da kakin zuma: na Amitabh Bachchan ya shiga a 2000, na Aishwarya Rai a 2004, na Sharu Khan a 2007. Layi har waje. Kuɗin shiga kuwa ya kai na cefanensa na kwanaki. Ya yi jim, ya ce shi ba zai kwana da yunwa don gunki ba, 'yan majalisa su yi haƙuri.

Tafiya kaɗan ta kai shi babban masallacin Regent's Park mai ƙubba ruwan zinare, wanda aka kammala a 1977. Bayan la'asar ya ji wani dattijo na waya da Hausa. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Samari, daga ina?"

"Daga Kano, Baba. Bacirawa."

Dattijon ya ja shi zuwa Edgware Road, titin Larabawa, inda ake samun halal ba fargaba. Suka ci shinkafa da gasasshen naman rago, suka kora da shayin na'ana'a. A nan Baba ya ba shi labarin shekarun da ya kwashe yana gadin dare, da yadda kuɗin haya ke lashe albashi, da samarin da suka zo babu takardu suke ɓuya kamar ɓeraye, ga shi ba su da fuskar komawa gida don sun sayar da abin da za su koma wa. Ya ƙara da cewa ba yau Bahaushe ya fara ganin garin nan ba: wani yaro Dorugu ya zo tare da Bature Barth a 1855, ya ga abin da ya gani, ya koma, a Kano ya rasu a 1912. Abubakar Imam ma ya zo a 1943, ya koma ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A bas ta komawa gogan ya sake kallon farkon Dilwale a waya. Sai a ranar ya lura da abin da duk majalisarsu ba ta lura da shi ba. Tsohon nan mai watsa hatsi ba murna yake ba, kewar gonakin Punjab ce ke cin sa. Su tantabaru suka kalla, ba su saurari mai hatsin ba.

Kafin ya sauka ya kira aminin nasa. "Mutumina, Landan akwai kyau wallahi, ka yi addu'a Allah ya kawo ka ta hanya mai kyau, ka wuni ka sha kallo. Amma kada ka taɓa gonar nan."

Mai karatu, in ka ga hoton jarumi ko jaruma a gaban Big Ben, ka yaba, ka ce Allah ya maimaita. Ka dai tuna hoton na minti ɗaya ne. Sai wani watan, in mai duka ya kai rai.